Gidan da Hayaƙi Bai Tashi Ba

Gwange, Maiduguri,
Lahadi, 14 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga Autan Inna,

Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Manchesta da ka ce ya fara shigowa? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya haɗa mu da ita a gidan Aljanna. Nan kowa lafiya. Kawu ya samu sauƙin ƙafar har yana fita masallaci, Goggo kuma ta ce in gaya maka tana sa ka a addu'a kullum.

Na samu saƙon muryar da ka turo ranar Alhamis, na saurare shi har sau uku. Ka ce abin da ka tara zai kai naira miliyan biyar, kana so ka yi wa Inna sadaka da shi, kuma ranka ya fi kwanta wa rijiyar burtsatse a ƙofar gida, da allo mai ɗauke da sunanta, abin da ya rage a sayi shinkafa a raba wa mabuƙata. Ka ce in nemo maka mai haƙa. Allah ya yi maka albarka, Auta. Da na ji muryarka tana rawa a wurin da ka ambaci sunanta, ni ma sai da na yi hawaye. Sai dai ban nemo mai haƙar ba tukuna. Akwai maganar da nake so mu yi kafin kuɗin nan ya bar hannunka, kuma ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna bayan isha'i na ɗauki biro.

Bari in fara tuna maka wani abu, don kana ƙarami lokacin. Ka san matakalar nan ta bayan ɗakin girki da Inna take hawa da yamma, tana cewa za ta kwaso kuɓewar da ta shanya? Ni ce nake riƙe mata faifai, don haka na san abin da take yi a can sama. Gidajen maƙwabta take dubawa, tana lura da inda hayaƙi ya tashi da inda bai tashi ba. Gidan da ta ga kwana biyu a jere ba a hura wuta ba, ba ta tambayar kowa. In dare ya yi sai ta zuba gero ko tsaki a kwano, ta ɗora kuka da daddawa da ɗan mai a kwalba, ta ce in kai ta ƙofar baya, in ce saƙo ne daga ƙauye ya yi mana yawa. Almajiran ƙofar gida suna samun nasu kamar kullum, amma babban rabon yana zuwa ne inda ta bincika ta ga wuta ta mutu. Inna ba ta yi boko ba, ba ta taɓa jin sunan wata ƙungiya ba, amma ta san cewa bayarwa aiki ne da ake yi da ido a buɗe. Duk abin da zan faɗa maka a takardar nan, daga wannan matakalar na fara koyon sa.

Makon nan muka cika shekara guda da ambaliya. Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo mana gari irin shigowar da ba a gani ba tun 1994. Kai a waya ka gani, mu a ƙafa muka taka. Ruwan ya shiga fadar Shehu, ya shiga Monday Market da ba ta gama farfaɗowa daga gobarar 2023 ba, ya shiga asibitin koyarwa, ya mamaye Gwange da Bulabulin da Shehuri da Gamboru. Mutum kusan dubu 400 suka bar gidajensu. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe tun 2021 sai da aka sake buɗe shi. Ni da yara muka ɗauko Inna a kan kujerar roba, ruwa har ƙirji, zuwa inda mota take iya tsayawa, muka yi mako uku a Bulumkutu.

A makonnin nan na ga alherin mutane irin wanda ban taɓa gani ba. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata shi kaɗai ya ba da naira biliyan ɗaya da rabi, wasu attajiran ma suka ba da nasu, matasa suka yi ta dafa abinci a manyan tukwane suna bi makarantun da mutane suka fake suna rabawa. Allah ya saka wa kowa. Amma na ga wani abu da har yau yake damuna. A makarantar da nake zuwa taimakawa, motocin taimako duk a bakin titi suke tsayawa. Mai ƙarfin turereniya yana iya samun katifa biyu da buhun shinkafa a yini guda. Tsohuwar da ke can aji na ƙarshe, wadda ƙafa ba ta kai ta bakin ƙofa, sai ta yini da ruwan leda ɗaya. An kawo mana gwanjon kaya buhu-buhu, har da manyan rigunan sanyi a tsakiyar zafin Satumba, alhali abin da muke roƙo shi ne sabulu da ruwa mai tsabta da wurin bahaya. Wata bai cika ba, a farkon Oktoba, gwamnati ta sanar da ɓarkewar kwalara. Duk wanda ya kawo kayan nan da kyakkyawar niyya ya kawo, kuma ladansa yana wurin Allah. Amma yaron da amai da gudawa ya kwantar, rigar sanyi ba ta tashe shi ba. A nan na ƙara fahimtar cewa sadaka fuska biyu gare ta: niyya, wadda ke tsakaninka da Ubangijinka, da kuma amfani, wanda haƙƙin wanda aka yi domin shi ne. Ta farkon ba ta ɗauke maka nauyin ta biyun.

To, mu zo kan rijiya. Shayar da ruwa babbar sadaka ce, kowa ya san labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a. Amma ka tuna ya saye ta ne a lokacin da mutane suke cikin ƙuncin ruwa, suna saye da tsada. Layinmu yanzu rijiyar burtsatse uku gare shi tsakanin masallacin Juma'a da bakin kwalbati. Ɗaya ce take aiki. Ta biyun, wadda ke kusa da mai nika, allonta yana nan fes da sunan wanda aka yi wa sadakar da addu'a a ƙasa, amma shekara biyu ke nan ko ɗigo ba ta kawo ba. Injin da ke cikin ramin ne ya ƙone, wanda ya haƙa yana Abuja, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara. Awaki ne suke kwana a inuwar tankin. Ta ukun tun ambaliya ruwanta ya gurɓace, aka sace farantan sola, aka bar ta. Idan ka haƙa ta huɗu, za mu yi walima, a ɗauki hoto a turo maka, bayan shekara biyu kuma ina tsoron sunan Inna ya zama inuwar awaki. Sadaka mai gudana sai ruwan yana gudana. Abin da za a kashe a tayar da waɗancan biyun bai kai rabin kuɗin haƙa sabuwa ba, sai dai babu mai son ya gyara abin da sunan wani ke kai.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne muke wannan kuskuren. A shekarar 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka ware fiye da dala miliyan 16 don wani famfo da ake kira PlayPump, wanda aka ƙera kamar lilon yara mai juyawa: yara suna wasa, ruwa yana hawa tanki. A hoto babu abin da ya fi shi kyau. Aka kakkafa shi a ƙauyukan Afirka ta Kudu da Mozambik, a wasu wuraren har aka cire famfon tuƙa-tuƙa da ke aiki aka sa shi, ba tare da an tambayi mutanen gari ba. Daga baya aka gano yara suna gajiya su watse, mata ne suke komawa tura lilon da hannu, ga shi ya ninka famfon hannu tsada, in ya lalace kuma babu mai gyara a kusa. Masu ilimi da kuɗi ne suka yi wannan, abin ya burge su ne kawai ba su tambayi masu ɗibar ruwan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu bari in kai ka wurin aikina, inda na shekara ashirin da biyu ina jinyar yara. Da safe iyaye mata suke yin layi a kan benci, kowacce da goyo. Muna da wani ɗan zaren awo na roba mai launi uku, kore da rawaya da ja, da muke naɗawa a damtsen yaro. In damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba, zaren yana tsayawa a ja, wato tamowa mai tsanani. Ka haɗa babban yatsanka da manuni ka ga ɗan zoben da suka yi. Kusan kaurin hannun ke nan. A watan Yuli wata mata daga wajen Konduga ta kawo min yarinya 'yar wata goma sha takwas. Gashinta ya yi ja ya kakkarye, fatar cinyarta ta yi tamoji kamar ta tsohuwa, ko kuka ba ta iya yi sai ɗan nishi. Na yaga mata leda ɗaya ta maganin tamowar nan mai kama da tunkuza, na ba uwar ta lakata mata a baki, muka zuba ido. Wannan gwajin shi ne komai: in yaro ya karɓa ya ci, za a iya jinyarsa a gida, in ya ƙi sai an kwantar da shi. Ta lasa, ta yi shiru, sannan ta miƙo hannu ta kama ledar da kanta. Duk mako uwar tana dawowa a yi awo a ba ta na mako. A mako na bakwai yarinyar nan ta tsaya riƙe da benci tana jan ɗankwalina.

Abin da ya tashe ta gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya, a leda mai nauyin giram 92. A Faransa aka fara haɗa shi a 1996, amma a nan kusa da mu, a Maraɗi, lokacin yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta nuna wa duniya cewa za a iya jinyar dubun-dubatan yara da shi a hannun iyayensu mata ba tare da gadon asibiti ba. Kwali ɗaya leda 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya yake buƙata ke nan daga ja zuwa kore, kuma kuɗinsa yana tsakanin dala arba'in zuwa hamsin. Auta, kai ma'aikacin lissafi ne. Ɗauki miliyan biyar ɗinka ka raba da wannan, ka ga yara nawa ne. Sannan ka ɗauki miliyan biyar ɗin ka sayi shinkafa, ka raba mudu bibbiyu a ƙofar gida, ka ga kwana nawa za ta yi a ciki. Dukansu ciyarwa ne. Ɗaya tana ƙosar da mai lafiya na kwana uku, ɗaya tana dawo da wanda ya kama hanyar kabari.

Kuma bana buƙatar ta fi ta kullum. Ka ji yadda gwamnatin Amurka ta fara rufe hukumarta ta agaji, USAID, a farkon shekarar nan. A watan Yuli Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗinta ya ƙare, tallafin mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas yana cikin haɗari, kuma cibiyoyin kula da tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe suna fuskantar rufewa. Mu a ƙasa abin da muke gani shi ne uwa ta yi tafiyar awa biyu ta tarar da ƙofa a garƙame, ta ƙaro wata tafiyar zuwa wurinmu, yaron ya iso a galabaice. Asibitin tamowa na Nilefa Kiji da MSF take gudanarwa a garin nan duk damina cika yake yi har a ƙara gadaje. Wannan shi ne gidan da hayaƙi bai tashi ba a bana.

Abu na biyu da ke ɗauke mana yara a irin wannan watan shi ne zazzaɓin cizon sauro. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duk duniya 'yan Nijeriya ne. Na sha riƙe yaro yana fizge-fizge, idonsa fari fat, ana neman ledar jini da tsakar dare. Alhali akwai riga-kafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012 don ƙasashen Sahel irin namu: duk wata a lokacin damina, ma'aikata suna bi gida-gida suna ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar ƙwayoyi na kwana uku. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa a lokacin da ake shan sa, kuma abin da ake kashewa kan yaro ɗaya a damina guda bai kai dala goma ba. Ƙungiyar Malaria Consortium, wadda hedikwatarta take nan Landan kusa da kai, tana cikin manyan masu ɗaukar nauyin wannan aiki a jihohin Arewa, a Katsina ta fara a 2013. Wahalar irin wannan sadakar ita ce ba ta da hoto. Yaron da bai kamu ba, babu wanda zai nuna maka shi ya ce ga wanda ka ceta. Yana can yana wasan langa, shi kansa bai sani ba. Allah kaɗai ya san adadinsu, kuma ai shi muke nema ya sani.

Wani likita da muka yi aiki tare ya taɓa ba ni labarin wata cibiya a Amurka mai suna GiveWell, wadda wasu matasa biyu suka kafa a 2007 bayan sun so ba da sadaka sun rasa mai gaya musu inda kuɗinsu zai fi amfani. Aikinta kawai bin diddigin ƙungiyoyi, tana lissafa rai nawa ake ceta da kuɗi kaza. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, cikin 'yan ƙungiyoyin da ta fifita a duk duniya, ayyukan namu ne na nan gida: riga-kafin zazzaɓi na damina, rabon gidan sauro, ba yara sinadarin bitamin A, da kuma ƙungiyar New Incentives da ke ba iyaye mata ɗan kuɗin mota in sun kai jarirai allurar riga-kafi, wadda aka gwada aikinta a Katsina da Zamfara da Jigawa. Mutanen da ba su taɓa taka Arewa ba sun zauna sun yi lissafi, sun gano cewa kuɗinsu ya fi ceton rai a ƙofar gidanmu. Mu da abin yake kanmu mun fi su cancantar mu yi wannan lissafin.

Na san abin da za ka ce, don ka faɗa min a bara: ƙungiyoyin nan rabin kuɗin a manyan motoci da albashi yake tafiya, gara ka ba da hannu da hannu. Tsoronka yana da tushe. A 2017 ofishin muƙaddashin shugaban ƙasa da kansa ya ce a baya, cikin manyan motoci 100 na abinci da ake turowa Arewa maso Gabas, fiye da 50 ba sa isa inda aka nufa. Ni ma da idona na ga ledar maganin tamowa a kan tiren mai talla. Amma kada ka auna ƙungiya da cewa tana biyan ma'aikata. A cikin kashi takwas na masu cin zakka da aka lissafa a Suratut Tauba, akwai ma'aikatan da ke tattara ta. Wanda zai bi gida-gida a cikin taɓo, da direban da zai kai magani Monguno ko Dikwa, da akawun da zai hana a sace, duk sai sun ci abinci. Ƙungiyar da ta ce maka ko kwabo ba ta kashewa a kan aiki, ita ce ma za ka ƙara sa wa ido.

Ga abin da nake tambaya in wani ya zo min da takardar neman taimako. Na farko, kuɗin me zai saya, kuma wa zai samu, a wace unguwa? Mai gaskiya yana da amsa a baki, har ya ce zo mu je ka gani. Sannan in ce ya nuna min lissafin bara: nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya duba. In tambayi rajistarsu a hukumar rajista ta CAC, in kuma duba ko asusun bankin da sunan ƙungiyar yake ko da sunan mutum ɗaya. In tambayi wani wanda ba nasu ba, bulama ko limamin unguwa ko matan da aka ce an taimaka wa, ba a gaban masu ƙungiyar ba. In tambaye su wane aiki ne suka taɓa yi bai yi nasara ba. Wanda ya ce bai taɓa kuskure ba, bai daɗe a aikin ba ko kuma yana ɓoye wani abu. Daga ƙarshe in duba yadda suke nuna mutanen da suke taimako. Wanda zai sa bazawara ta durƙusa riƙe da ƙullin taliya a ɗauke ta a watsa a Facebook, ya karɓi abin da ya fi taliyar tsada a wurinta.

Haka nan hotunan marasa lafiya da ake turo maka a WhatsApp da lambar asusu a ƙasa. Wasu gaskiya ne, wasu hoton shekara biyar ne ake ta juyawa. Kada ka rufe zuciyarka, kada kuma ka yi cinikin biri a sama. Turo min sunan asibitin da ɗakin, in aika a duba, in gaskiya ne a biya kuɗin a wurin biya na asibitin a karɓo rasit.

Kada kuma ka ɗauka sai baƙi ne suke aikin kirki. Ka san makarantar Future Prowess da Barista Zannah Mustapha ya buɗe a garin nan a 2007 da yara 36. Da rikici ya yi tsanani bai rufe ba, ya riƙa karɓar marayun ɓangarorin biyu, 'ya'yan jami'an tsaro da aka kashe da 'ya'yan waɗanda suka ɗauki makami, a aji ɗaya, kyauta, da abinci da kayan makaranta. Amanar da ya samu ta haka ce ta sa ya shiga tsakani aka sako wasu daga cikin 'yan matan Chibok da aka sace, kuma a 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Ba lambar ce ta sa na ambace shi ba. Na ambace shi ne don aikinsa yana da adireshi, ana iya zuwa a ƙirga yaran, kuma ya shekara goma sha takwas yana tsaye. Irin wannan ake nema: abin da ake gani, wanda ya jure. Kakannin ƙasar nan ma haka suka yi tunani. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kashe dukiyarsu a kan makaranta da masauki a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu, saboda sun duba inda mutanensu suke wahala a hanya.

To ga shawarata, kai kuma ka yi istihara ka yanke. Tunda sadaka ce ba zakka ba, ƙofarta a buɗe take. In akwai zakka a ciki, ka ware ta daban ka tambayi malam. Miliyan uku ka sa a jinyar tamowa da riga-kafin zazzaɓi. Wannan kason kada ma ka canza shi zuwa naira. Ka bayar daga can kai tsaye, ta ofishin MSF ko Malaria Consortium na Ingila, ka kuma cike takardar Gift Aid, tunda kana biyan haraji a can: duk fam ɗaya da ka bayar gwamnatinsu za ta ƙara wa ƙungiyar kwata. Fam huɗunka ya zama biyar ba tare da ka ƙara ko sisi ba. Sai dai ka sani, sadakar da ka ba babbar ƙungiya ba lallai ta sauka a Gwange ba. Tana iya sauka kan yaro a Katsina ko a Chadi. Ni wannan bai dame ni ba, kuma na san ba zai dami Inna ba.

Miliyan ɗaya mu tayar da rijiyoyin nan biyu da suka mutu. Na riga na yi magana da bulama, ya yarda a kafa kwamitin mutum biyar, uku mata, tunda su ne masu ɗiba. Za a riƙa karɓar ɗan abin da ba zai gagari kowa ba a kan jarka, a ajiye don gyara, a rubuta a littafi, a karanta a gaban jama'a duk wata uku. Wadda ruwanta ya gurɓace sai an wanke ta an gwada ruwan kafin kowa ya sha. Allunan da ke kai mu bar su da sunayen masu su. Su ci ladan haƙawa, Inna ta ci ladan tayarwa, taskar Allah ba ta ƙarewa.

Miliyan ɗayan da ya rage na dangi ne, don sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce. Matar marigayi ɗan Kawu tana nan da yara huɗu, keken ɗinkinta ruwa ya lalata shi, tun lokacin wankau take yi. Kada mu saya mata abin da muke ganin ya dace. Na sha ganin mace ta karɓi buhun shinkafar taimako da safe, da yamma ta sayar da shi da asara don kuɗin haya ne ya hana ta barci. Zan je in zauna da ita in ji, sannan mu ba ta kuɗin a hannunta, mu biya wa yaran makaranta na shekara guda kai tsaye. Zan riƙa rubuta duk abin da ya fita in turo maka da rasit, ba don kana zargina ba, sai don haka nake so kowa ya yi da ni, haka kuma nake so ka saba nema a wurin kowa.

Na san wannan tsarin ba zai ba ka abin da za ka tsaya a gabansa in ka zo hutu ka ce ga na Inna ba. Na san kuma dalilin da ya sa kake son allon: ba ka samu jana'izarta ba, kana so ka taɓa wani abu da hannunka. Wannan ciwon na fahimce shi, Auta, kuma ban raina shi ba. In ka zo da Babbar Salla zan kai ka kabarinta a maƙabartar Gwange, daga nan mu wuce wurin aikina da safe, ka zauna a bencin nan, in ba ka zaren awon ka naɗa a hannun yaro da kanka. Matar nan ta Konduga takan biyo ta gaishe ni in ta shigo gari. In Allah ya sa kun haɗu, za ka ga yarinyar tana gudu.

Shekara talatin ina kai kwanon nan ta ƙofar baya, ni da ƙannena bayana, kuma har Inna ta koma ga Allah akwai gidajen da ba su san daga ina yake fitowa ba. Ranar sadakar uku wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce ita ta daɗe da ganewa, don babu ƙauyen da ke aiko da saƙo daidai ranar da tukunyarta ta bushe. Ka yi tunani a kan wannan, ka kira ni ranar Juma'a bayan ka taso daga aiki.

Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka shafa min kan yara. Allah ya karɓa, ya kai ladan kabarin Inna da Baba, ya ƙara maka buɗi na halal.

Wassalam.

Taka har kullum,
Yayarka.